Daga gidan niƙa zuwa gidan kwana: Darasin ƙauyukan Faransa ga tsofaffin gine-ginen Kaduna

A kan titin Ali Akilu da ke Unguwar Sarki a Kaduna akwai wani gini da dubban mutane ke wucewa ta gabansa kullum, ba tare da sun san abin da aka gina shi dominsa tun farko ba.

A yau Gidan Tarihi na Ƙasa ne, inda ake ajiye mutum-mutumin yumɓu na Nok da sauran kayan tarihi. Amma a zamanin Jamhuriya ta Farko hedikwatar jam'iyyar NPC ce, jam'iyyar Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan sojoji sun soke jam'iyyu ginin ya rasa aikinsa na asali, sai aka miƙa shi ga hukumar kula da kayan tarihi, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1975.

Ba nisa da nan, a kan titin Rabah, akwai Gidan Arewa. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, inda aka kashe Sardauna a daren 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na farko, kuma har yau tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ke nan sau biyu wannan unguwa ta nuna cewa idan aikin gini ya ƙare, ba dole ba ne ginin ya bi shi. Sai dai duka biyun hukuma ce ta karɓe su don amfanin jama'a. Abin da Kaduna ba ta saba gani ba shi ne a ɗauki tsohon ginin sana'a, kamar masaƙa ko sito ko gidan gurzar auduga, a mayar da shi gidan da iyali za su zauna.

A ƙasar Faransa wannan abu ya daɗe da zama ruwan dare, musamman da tsofaffin gidajen niƙa na karkara. Yadda suka yi, da wahalar da ke ciki, na da abin da za su gaya wa garin da kuɗin haya ke ƙara hawa alhali manyan gine-ginensa na zaune babu kowa.

Yadda gidajen niƙa suka rasa aikinsu

Kafin zuwan injin tururi da lantarki, ruwa da iska ne ke niƙa wa Faransawa alkama. Wata ƙidaya da aka yi a 1809, a zamanin Napoleon, ta gano gidajen niƙa kusan 100,000 a ƙasar, kuma mafi yawansu da ruwa suke aiki.

Tsarin ba mai wuyar fahimta ba ne. Ana yin 'yar madatsa a kan rafi don ruwa ya taru, sai a janye wani ɓangarensa ta wata magudana zuwa jikin ginin. Ruwan ya faɗa kan wani ƙaton wili na katako ko ƙarfe ya juya shi, wilin kuma ya juya dutsen niƙa na sama a kan na ƙasa wanda ba ya motsi. Ana hawar da hatsi bene na sama, ya riƙa gangarowa da kansa zuwa tsakanin duwatsun, gari ya fito a ƙasa.

Wannan ne ya sa gine-ginen suke da bango mai kauri na dutse, da manyan ginshiƙan katako, da bene biyu ko uku. An yi su ne don su ɗauki nauyin buhuna, su kuma jure girgizar dutse dare da rana.

Kafin juyin juya halin 1789, a yankuna da yawa gidan niƙa na mai ƙasa ne. Doka ta tilasta wa talakawan yankin su kai hatsinsu can, su kuma bar wani kaso a matsayin ladan niƙa. Juyin juya halin ya soke wannan tilas.

Abin da ya kashe sana'ar daga baya shi ne manyan masana'antun fulawa da suka bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, masu amfani da narkakken ƙarfe mai mulmulawa maimakon dutse. Garinsu ya fi fari, ya fi araha, ga jirgin ƙasa na kai shi ko'ina. Ɗaya bayan ɗaya ƙananan gidajen niƙa suka rufe. Wasu suka rushe, wasu suka zama rumbun ciyawa.

Sarkin da ya zauna a gidan niƙa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mota ta yawaita, mutanen birni suka fara neman wurin hutun ƙarshen mako a karkara. Sai idonsu ya faɗa kan waɗannan kangaye da ke bakin ruwa, waɗanda manoma ba su ɗauke su a bakin komai ba.

Cikin waɗanda suka fi shahara akwai tsohon Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a 1936 don ya auri Ba'amurkiya Wallis Simpson. A 1952 suka sayi wani tsohon gidan niƙa da ake kira Moulin de la Tuilerie a garin Gif-sur-Yvette, kudu maso yammacin Paris. Suka gyara babban ginin ya zama gidansu, rumbunan da ke kewaye suka zama masaukin baƙi, shi kuma tsohon sarkin ya duƙufa kan aikin lambu.

Shekara guda kafin nan, a 1951, marubuci Louis Aragon ya saya wa matarsa, marubuciya Elsa Triolet, gidan niƙa na Villeneuve a garin Saint-Arnoult-en-Yvelines. Ba su toshe hanyar ruwan ba, suka bar ramin wilin ana ganinsa daga babban falo. Ta rasu a 1970, shi kuma a 1982, kuma a lambun gidan aka binne su. Ya bar wa ƙasa gidan a wasiyya, yau jama'a na zuwa ziyara.

Mawaƙi Claude François shi ma ya sayi nasa a ƙauyen Dannemois a 1964. Daga manyan mutane abin ya sauko zuwa ga malaman makaranta da 'yan fansho da baƙi daga Birtaniya da Holan, har ya kai dillalan gidaje a Faransa na ware wa gidajen niƙa sashe na musamman a tallarsu.

Daɗin kallo, wuyar riƙo

Hoton irin wannan gida a intanet kan ɗauki hankali: bangon dutse, ruwa na gudana ta ƙarƙashin taga, itatuwa ko'ina. Amma masu su sun san abin da hoton bai nuna ba.

Matsala ta farko ita ce laima. Ginin da ƙafarsa ke cikin ruwa shekara ɗari biyu ko uku yana tsotsar danshi ta bango. Saboda haka da yawa kan bar hawan ƙasa a matsayin sito ko wurin aiki, su mayar da ɗakunan kwana sama.

Masu gyara na farko da dama sun shafe bangayen da siminti don su hana danshin, sai abin ya ƙara lalacewa. Siminti ya rufe wa ruwan hanyar fita, ya taru a ciki, katako ya ruɓe, filasta ta ɓamɓare. Yanzu ƙwararru na komawa ga yaɓen farar ƙasa da yashi, wanda ke barin bango ya fitar da danshinsa.

Duk wanda ya taɓa ganin gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti a Zariya ko Kano ya san wannan ciwo. Shekara kaɗan sai filastar ta kumbura, ta faɗo da ƙasar bangon a jikinta. Magina na dā da ke yaɓe da makuba sun san abin da suke yi.

Matsala ta biyu ambaliya ce, domin gidan niƙa a kwarin rafi yake. Ta uku kuma ita ce wanda ya sayi gidan ya sayi ɗawainiyar ruwan. Shi zai riƙa yashe magudana, ya gyara ƙofofin madatsa, ya buɗe su idan ruwa ya yi yawa don kada ya cutar da maƙwabta na sama da na ƙasa.

Akwai kuma doka. Gidan niƙan da aka tabbatar yana nan tun kafin 1789 yana da tsohon haƙƙin amfani da ruwa wanda ke bin ginin duk hannun da ya shiga. Masu gidaje kan nemi hujja a tsohuwar taswirar Cassini ta ƙarni na 18. Wasu na amfani da wannan haƙƙi su sa ɗan ƙaramin injin da ke samar musu da lantarki.

An kuma daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu gidajen da hukumomin muhalli, waɗanda ke son a fasa ƙananan madatsu don kifi ya samu hanyar wucewa. A 2021 majalisar dokokin ƙasar ta sa wani sashe a dokar sauyin yanayi da ke ba madatsun gidajen niƙa kariya daga rushewa.

Abin lura a nan shi ne ba sha'awa kaɗai ta ceci waɗannan gine-gine ba. Faransa na da dokar kare gine-ginen tarihi tun 1913. A 1996 aka kafa gidauniyar Fondation du patrimoine don ƙananan gine-ginen karkara da waccan doka ba ta kai gare su ba. Wanda gidauniyar ta amince da aikinsa kan samu rangwamen haraji a kan kuɗin gyara, bisa sharaɗin ya yi aikin yadda ya dace da asalin ginin.

Namu kangayen suna Kakuri

Kaduna ba ta da gidan niƙa mai aiki da ruwa. Hatsinmu a turmi da dutsen niƙa aka sarrafa shi, daga baya injin niƙa mai shan gas ya shigo unguwanni. Amma garin na da nasa gine-ginen da sana'arsu ta mutu ta bar su, kuma sun fi na ƙauyukan Faransa girma nesa ba kusa ba.

Idan aka tsallaka gadar Kogin Kaduna aka nufi kudu, za a iske Kakuri. A nan masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lankasha a Ingila. Manufar Sardauna ita ce audugar da ake nomawa a Arewa a saƙa ta a Arewa.

Wasu suka biyo baya a shekarun 1960: Nortex, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta 'yan kasuwar Hong Kong, da Arewa Textiles mai jarin Japan. Dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, har ake yi wa Kaduna kirari da Manchestar Najeriya.

Faɗuwar ta zo a hankali. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injina suka yi tsada. Lantarki ya taɓarɓare, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuya. Atamfar waje, musamman ta China, ta cika kasuwa ta hanyar fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles da Nortex da Finetex suka bi sahu a 'yan shekarun da suka biyo, UNTL ta dakatar da aiki a 2007 kafin ta sake buɗe wani ɓangare a 2010.

Yau fiye da shekara 20 ke nan ana alkawarin farfaɗo da masaƙun. Kowace damina kuma rufi na ƙara yoyo, ƙarfe na ƙara tsatsa, ciyawa na ƙara cin fili.

Ba Kakuri kaɗai ba. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta bar gidajen gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. A gefen layin dogo daga Kaduna zuwa Kano da Nguru akwai tsofaffin sito-sito na kamfanonin sayen gyaɗa da fata da kirgi, ga gidajen ma'aikatan reluwe da ɗakunan ajiyar kaya na tashoshi.

Abin da garuruwan saƙa na Turai suka yi

Manchestar da ake kwatanta Kaduna da ita ta riga ta shiga wannan hali. Masaƙun unguwar Ancoats, ciki har da Murrays' Mills da aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 18, sun yi shekaru a rufe bayan sana'ar ta mutu. Yau an yanka su gida-gida, mutane na zaune a ciki. Haka aka yi da katafariyar masaƙar Lister a Bradford.

A Faransa ma, garin Roubaix da ke arewacin ƙasar ya rayu ne a kan saƙa. Masaƙar Motte-Bossut ta rufe a 1981, a 1993 ta buɗe a matsayin gidan adana takardun tarihin ma'aikata da masana'antu na ƙasa. Wasu masaƙun garin da na maƙwabciyarsa Tourcoing sun zama gidajen zama.

A Afirka ta Kudu, tsohon rumbun hatsi na tashar jiragen ruwan Cape Town, wanda aka gina a shekarun 1920, ya zama gidan baje kolin zane-zane na Zeitz MOCAA a 2017, da otel a samansa.

Sai dai kwafar wannan kai tsaye ba za ta yiwu ba. Masaƙun Ingila dogayen benaye ne na jan bulo masu jerin tagogi, domin an gina su kafin lantarki, lokacin da masaƙi ke buƙatar hasken rana. Raba irinsu zuwa ɗakuna abu ne mai sauƙi, kowane ɗaki zai samu taga.

Masaƙun Kakuri kuwa galibinsu shimfiɗaɗɗun zauruka ne masu faɗi, marasa bene. Idan aka yanka su ɗaki-ɗaki yadda suke, na tsakiya ba za su ga rana ba, ba za su sha iska ba, kuma a watan Maris da Afrilu ba mai iya kwana a ciki.

Maganin da masu zanen gine-gine ke amfani da shi a irin wannan gini shi ne a yaye rufin a wasu wurare, a bar ginshiƙai da bangon waje, a buɗe fili a tsakiya ɗakuna su kewaye shi. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsakar gida ce. Tsarin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, ya fi dacewa da faffaɗan gini irin wannan fiye da tsarin gidan bene na Turawa. Tsayin rufin masaƙa ma riba ce, domin zafi sama yake taruwa.

Darasi daga Yamai da Dandaji

Wani abin sha'awa shi ne, biyu daga cikin fitattun masu wannan ra'ayi a Faransa daga Nijar suka faro. Jean-Philippe Vassal ya yi aikin tsara birane a Yamai a farkon shekarun 1980, kuma ginin farko da suka yi da abokiyar aikinsa Anne Lacaton wata bukkar zana ce a kusa da birnin. Sun sha faɗin cewa a can suka koyi yin amfani da abin da ke hannu.

Sun yi suna da ƙin rushe gini. A unguwar Grand Parc ta birnin Bordeaux sun gyara gidaje 530 na masu ƙaramin ƙarfi, suka ƙara wa kowanne faffaɗar baranda, ba tare da an tashi mazauna ba. A 2021 aka ba su kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gine-gine.

A ƙasar Hausa ma an yi. A garin Dandaji da ke jihar Tawa, jama'a sun buƙaci sabon masallacin Juma'a domin tsohon na ƙasa ya tsufa. Tsohon kuwa aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na garin Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa. An kammala a 2018, kuma magina na yankin ne suka yi aikin. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Lissafin kuɗi

Dalilin da zai fi shiga kunnen mai gini a Kaduna shi ne na aljihu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, rodi da kwano su ma suka bi shi. A kowane gini, harsashi da ginshiƙai da bango da rufi ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin. Wanda ya samu gini mai lafiyayyen ƙashi ya tsallake wannan kashin, saura ƙofofi da tagogi da famfo da wayar wuta da bangayen raba ɗakuna.

Ga kuma wurin da gine-ginen suke. An kafa su kusa da titi da layin dogo da layin wuta, a tsakiyar gari. Sababbin unguwannin da ake yankawa a bayan gari sai an kai musu duk waɗannan daga farko, mazaunansu kuma su riƙa kashe kuɗin mota kullum.

Akwai batun muhalli. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Duk bangon da aka bari a tsaye, simintin da za a sake ƙonawa ne aka rage.

Amma gyara ba kullum yake fin sabon gini araha ba. Idan tsatsa ta cinye ƙarfen ciki, ko harsashi ya zauna, kuɗin ceto na iya fin na rushewa. Shi ya sa matakin farko shi ne injiniya ya duba ginin tun kafin a yi ciniki.

Abubuwan da ke gaba

Ko da ginin na da lafiya, akwai shingaye huɗu da ba a tsallake su da baki.

Na farko guba. Masaƙa na amfani da sinadaran rini da na wanke zare da baƙin mai, kuma shekara da shekaru ruwan dattin masana'antun Kakuri na bi ta magudanar Makera zuwa Kogin Kaduna. Kafin yaro ya yi wasa a irin wannan fili, ko a haƙa rijiya, sai an gwada ƙasar da ruwan. Haka nan yawancin gine-ginen shekarun 1950 zuwa 1970 na da rufi ko silin na asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu da sankara idan aka farfasa shi. Cire shi aikin ƙwararru ne masu kayan kariya.

Na biyu takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni na hannun gwamna, kuma takardar mallaka na faɗin abin da aka ba da filin dominsa. Filin masana'anta ba ya zama na zama sai an nemi canjin manufa. A Kaduna wannan na bi ta hukumar KADGIS mai rajistar filaye da KASUPDA mai ba da izinin gini. Wanda ya yi gaban kansa na iya wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa.

Na uku mallaka da bashi. KTL ta jihohin Arewa 19 ce, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Duk wani shiri da zai mayar da irin wannan wuri gidajen masu hali, alhali waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ciki na zaman haya a Kakuri ba a biya su ba, zalunci ne. A Ancoats ma ana kukan cewa jikokin masaƙan ba sa iya biyan kuɗin gidajen da aka yi a masaƙun kakanninsu.

Na huɗu shi ne fatan farfaɗowa. Akwai masu ganin cewa mayar da masaƙa gida tamkar yanke ƙauna ne daga dawowar sana'ar, kuma Kaduna ta fi buƙatar aikin yi a kan komai. Maganarsu na da nauyi. Sai dai filayen masaƙun na da faɗin da zai ɗauki abu fiye da ɗaya, kuma injinan saƙa na zamani ba sa cin wuri da yawan hannu kamar na 1957. Ana iya ware sashen da ya dace da masana'anta, a ba ofisoshi da sito-sito da gidajen ma'aikata wani aikin.

A fara da ƙanana

Faransawa ba da manyan masana'antu suka fara ba. Iyali ɗaya ne ke sayen ƙaramin gini ɗaya, su gyara shi a hankali daidai ƙarfinsu. Manyan ayyuka irin na Roubaix sun zo ne bayan magina da hukumomi da bankuna sun saba da aikin.

Irin waɗannan ƙananan gine-gine na nan a arewacin kogi. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 aka riƙa gina gidajen ma'aikata da ofisoshi da sito-sito, masu faffaɗar baranda da dogon silin da itatuwan inuwa. A 'yan shekarun nan, musamman bayan gwamnatin jihar ta sayar da gidajenta da dama, abin da aka fi gani a Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Malali shi ne a rushe tsohon gida, a sare itatuwa, a yanka filin a cika shi da benaye. Mai fili na da hujjarsa, domin ƙasar ta fi ginin tsada. Amma babu wani abu a tsarin haraji ko na izinin gini da ke saka wa wanda ya zaɓi ya gyara.

Nan ne hukuma ke da rawar takawa ba tare da ta kashe kuɗi mai yawa ba. Za ta iya ƙidaya tsofaffin gine-ginen garin ta san waɗanda suka cancanci a bari. Za ta iya sauƙaƙa canjin manufa da rage kuɗin ƙasa ga wanda ya gyara maimakon ya rushe. Sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na da ɗaliban da za su iya aunawa da zana waɗannan gine-gine a matsayin aikin karatu. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, na kare abin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi ne kawai, kuma sito ko gidan gurza da wuya su shiga wannan jeri.

Garin ya ga ɓangarorin biyu. Otel ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977 ya yi shekaru a rufe ana shari'a a kansa, a Janairun 2020 aka rushe shi. Ita kuwa 'yar gadar ƙarfen da Lugga ya kafa a Zungeru a 1904, kwance ta aka yi aka kawo Kaduna a 1954, kuma tana nan a lambun Gamji.

Ga mai sha'awar sayen tsohon gini don ya zauna, masu wannan aiki kan ba da shawarar a fara da rufi da magudanar ruwa kafin fenti da tayil, domin ruwa ne ke kashe gini. A ziyarci wurin a watan Agusta, lokacin da damina ke tona asirin kowane bango. A tambayi tsofaffin unguwa abin da aka taɓa yi a ciki da inda ruwa ke kwanciya. A tabbatar da takardu a KADGIS kafin a biya ko kwabo, sannan a ware wani abu a gefe, domin tsohon gini ba ya rasa abin da zai ɓullo da shi bayan an fara aiki.